Haɗin baki a kan allon ces: wa ke warwarewa?

Mu 'yan Zangon Wagadugu dara muka gada, tun kafin aikin sabunta gari na ZACA ya rushe unguwarmu Zanguwetin a 2003: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka ci ko a ci ka. Shi ya sa samarinmu masu buga ces a waya ke dariya in aka nuna musu matsalar haɗin baki, inda Baƙi ke fara taku, shi da Fari su haɗa kai su kashe sarkin Baƙi cikin taku ƙayyadaddu. Max Lange ya fito da irinta a 1854, Sam Loyd ya gyara mata zama a 1860.

Dariyar kan tsaya in an ce su warware. Sai a garzaya wurin kwamfuta.

To ita ma kwamfutar ba da sauƙi take sha ba. Injin ces na yau da kullum yana sare rassan bincike ne don ya san abokin gaba zai zaɓi abin da ya fi cutar da shi. A nan babu abokin gaba. Takun da ya fi kama da wauta sau da yawa shi ne amsar. In kowane gefe na da zaɓi kamar 30, matsalar taku 3 kacal (3 na Baƙi, 3 na Fari) ta haifi hanyoyi miliyan 729. Saboda haka manhajar Popeye, wadda aka fara rubutawa a shekarun 1980, take da wata dabara: ta fara zana yadda sarki zai mutu, a wane gurbi, wa zai toshe masa mafita, sannan ta ƙirga ko 'ya'yan za su isa can cikin takun da aka bayar. Daga ƙarshe take dawowa farko. Haka gwanayen mutane ke yi tun kafin a ƙera ta, kuma ita ce dabarar da yaron da ya miƙa wa inji matsalarsa ba zai taɓa koya ba.

Inda na sara wa inji shi ne wajen duba aikin mai tsarawa. A da, mutum kan buga matsala a mujalla, wani mai karatu ya tono amsa ta biyu, aikin ya rushe. Yau alamar C+ na shaida cewa kwamfuta ta tantance. Wannan kam a ci gaba da shi. Amma Bernhard Hegermann ya tsara tasa matsalar mai taku 28 a 1934, da allo da kansa kawai, mu kuwa mai taku 2 muke kai wa Popeye.