Gani Bai Kori Ji Ba: Sharhi a Kan Rumbun Hotuna na Jami'a da Garuruwan da Tafkin Kainji Ya Ci

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan wannan magana ce jami'o'inmu ke dogara idan suka tashi gina rumbun kwamfuta domin adana hotuna: a tattaro su, a kwafe su cikin na'ura, a ɗora a intanet, sai a ce aiki ya kammala. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan ra'ayi, a ga ko ya cika mudu. Ma'aunin da za mu ɗauka kuwa shi ne ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi, wato Yawuri da Ngaski da Shanga, domin a nan akwai garuruwan da ba sauran wanda zai iya zuwa ya gan su da idonsa, sai dai a hoto.

Abin da Ruwa Ya Ci

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru sai ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, ya miƙe daga madatsar har Yelwa. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse. Haka nan tsibirin Foge da gungu-gungu masu yawa, tare da gonakin albasa da maƙabartu da wuraren tsafi. Gwamnati ta gina wa mutane sababbin ƙauyuka na siminti, waɗansunsu kuma suka ci gaba da amsa sunayen tsofaffin.

Kafin ruwa ya rufe ƙasar, masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun yi rige-rige da shi. A. J. Priddy ya haƙa wani kufai kusa da Yelwa inda aka sami mutum-mutumi na yumɓu, David Breternitz na Jami'ar Kolorado ta Amurka kuma ya yi nasa haƙan a 1968. Bayansu Frank Salamone ya zauna a Yawuri yana nazarin Gungawa. Irin wannan aiki kuwa da kyamara ake yin sa. Ga kuma hotunan ma'aikatan gwamnati, da na masu hoto na kasuwa, da waɗanda ke cikin akwatunan mutanen gari. Duk a warwatse suke, zafi da laima da gara suna cin su. Saboda haka babu mai musun cewa tattara su wajibi ne. Abin tambaya shi ne yadda za a tattara.

Rumbunan da Muke da Su

Yawancin jami'o'in Nijeriya da suka buɗe rumbu sun yi amfani da manhajar DSpace, wadda Jami'ar MIT da kamfanin Hewlett-Packard suka fitar a 2002, kyauta ga mai so. Jami'ar Jos ta buɗe nata a 2009, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta raɗa wa nata suna Kubanni. Wannan ƙoƙari ne abin yabo, sai dai akasarin abin da ke ciki kundayen digiri ne da maƙalu. Kundi yana ɗauke da maganarsa a jikinsa. Ko an yi sakaci wajen yi masa rajista, mai nema zai iya gano shi ta kalmomin da ke cikinsa. Hoto kuwa bebe ne. Abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa shi ne bakinsa.

Tsarin rajistar da waɗannan rumbuna ke bi shi ake kira Dublin Core, wanda aka soma tsarawa a Amurka a 1995. Gurabe 15 gare shi, kamar na take, da na mai aikin, da na kwanan wata, da na harshe. In an bar shi yadda ya zo, zai yi wa hotunan ƙasar Yawuri illa ta fuska uku.

Illa ta farko ta shafi sunan mutum. Mai ɗaukar hoto yana da gurbinsa, amma wanda aka ɗauka ba a keɓe masa nasa ba, sai dai a cusa shi cikin bayani in an ga dama. A ce ga hoton wani dattijo a cikin kwalekwale yana riƙe da birgi. Rajista za ta faɗi sunan Baturen da ya danna kyamara, shi kuwa dattijon a kira shi “wani masunci”. Alhali kuwa yana da suna, yana da gida, ƙila ma yana da sarauta ta ruwa. Jikansa zai iya wucewa ta kan hoton bai san kakansa ne ba.

Illa ta biyu ta shafi wuri. Tun da tsohon gari da sabo suna iya amsa suna ɗaya, wanda ya rubuta sunan kawai ya haɗa garuruwa biyu wuri guda, ɗaya a tudu, ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Dole kowane hoto ya nuna ko kafin 1968 aka ɗauke shi ko bayanta, a kuma sa alamar wurin a kan taswirar da aka zana kafin tafki.

Illa ta uku ita ce ta fi kusa da mu masu nazarin Hausa. Baƙo yakan ji kowa na Hausa a kasuwar Yelwa, sai ya rubuta “Hausawa”. Amma ƙasar nan ta tara Gungawa da Shangawa da Kambari da Dukawa da Lopawa da Sarkawa. Kalmar Gungawa ma kanta Hausawa ne suka raɗa, daga gungu, wato tsibiri. Su masu sunan Reshe suke kiran kansu. Shanganci kuwa ɗan dangin harsunan Mande ne, ɗan'uwan Kyanganci da Busanci, ga shi kuma yawancin Shangawa a yau sun koma Hausa. Ashe ke nan ba Ingilishi kaɗai ke iya haɗiye suna ba, Hausa ma tana haɗiyewa. Rumbun da ya yi bayani da Ingilishi da Hausa kawai ya rage hanya, amma bai kai gida ba. Sunan kifi da na koma da na rawa, a rubuta su yadda masu abin ke faɗa, sa'an nan a biyo da fassara.

Ba manhajar ce ke da laifi duka ba, domin tana karɓar ƙarin gurabe ga wanda ya so. Laifin na mai ginin ne da ya ɗauki tufar wani ya sa ba tare da ya gwada ba. Ko batun haruffa masu lanƙwasa, in ba a kula ba, wanda ya nemi “ƙauye” ba zai sami abin da aka rubuta “kauye” ba.

Wa Ke da Ikon Gani?

Akwai kuma batun kunya da sirri. Ba kowane hoto ne masu shi za su yarda duniya ta gani ba. Akwai na wurin tsafi wanda jikokin masu shi sun musulunta, akwai na mata a cikin gida. Mutanen Warumungu na ƙasar Ostareliya sun fuskanci irin wannan matsala, har aka ƙera manhajar Mukurtu tare da su, wadda ke ba jama'a damar faɗin wanda zai ga wane hoto. Mu ma ya kamata fadar Sarkin Yawuri da hakimai da iyalan da abin ya shafa su sami ta cewa kafin a saki hoto.

Inda Za a Fara

Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya rubuta kundinsa na 1968 a kan Yawuri ta ƙarni na 19, ya kuma nuna cewa tarihin ƙasar nan yana bakin mutanenta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, duk wadda ta ɗauki wannan aiki, hanyarsa ya kamata ta bi. A buga hotunan a takarda, a kai su Shanga da Wara da Yelwa, a shimfiɗa tabarma, a sa dattawa maza da mata su duba, a ɗauki muryarsu, a liƙa ta a jikin hoton cikin rumbu. Kowane bayani a rubuta wanda ya ba da shi, in biyu sun saɓa a ajiye duka. A kuma bar wa kowane gari kwafinsa, domin ba ko'ina intanet ke da ƙarfi ba.

Wani zai ce wannan hanya tana da tsada da jinkiri, gara a ceci hotunan tukuna, bayani ya biyo baya. Maganarsa tana da gaskiya ta wani ɓangare, domin gara ba ta jira. Amma wanda ke da shekara 15 lokacin da ruwa ya zo, yau ya haura 70. Hoton da aka kwafa zai iya jiran shekara ashirin a cikin na'ura. Mai bayaninsa ne ba shi da wannan tabbaci.

Kammalawa

Mun ga cewa darajar rumbun hotuna tana ga bayanin da ke tare da su, bayanin kuwa yana wajen tsofaffin bakin tafki. Don haka kada a auna rumbu da yawan hotunan da ya tara. A auna shi da tambaya ɗaya: in ɗan Shanga ya buɗe shi ya rubuta sunan kakarsa ko na gungun da aka haife ta, zai same ta? In ya same ta, jami'a ta sauke nauyin da ke kanta. In kuwa bai same ta ba, to abin da ruwa ya rage, mu ne muka ƙarasa shi.