Kiɗan Sol a Hannun Na'ura: Nazari a kan Tacewar Ƙarshe

1.0 Gabatarwa

Kowace waƙa da aka yi a sitidiyo takan bi ta matakai uku kafin ta isa kunnen jama'a. Da farko a ɗauki muryoyi da kayan kiɗa, sa'an nan a haɗa su a daidaita su, daga bisani a yi musu tacewar ƙarshe, wadda ma'aikatan sitidiyo suke kira mastarin. A wannan mataki na uku ne ake yanke hukunci a kan ƙarfin sautin waƙa, da kaurinsa, da kaifinsa, da kuma tazarar da za a bari tsakanin inda murya ta kwanta da inda ta tashi. Shekara da shekaru wannan aiki yana hannun 'yan tsirarun gwanaye masu kunne. To, amma a shekarar 2014 kamfanin LANDR na ƙasar Kanada ya soma yin sa da ƙirƙirarriyar basira, ba tare da hannun mutum ba. A 2017 kamfanin iZotope ya sa irin wannan mataimaki cikin manhajarsa ta Ozone, a 2023 kuma Apple ya sa nasa cikin Logic Pro. Wannan maƙala za ta duba abin da kiɗan sol yake samu, da abin da yake rasawa, idan aka miƙa shi ga waɗannan na'urori.

2.0 Tushen Kiɗan Sol

Sol ya tsiro ne daga majami'un baƙaƙen fatar Amurka, inda waƙar ibada ta gauraya da kiɗan buluz. Masana da yawa suna ɗaukar waƙar Ray Charles ta 1954, mai suna I Got a Woman, a matsayin ɗaya daga cikin na farkonsa, domin karin waƙar majami'a ya ɗauko ya ɗora masa kalmomin soyayya. Daga majami'a sol ya gaji tsarinsa. Mai wa'azi yakan soma da murya ƙasa-ƙasa, jama'a suna amsa masa, ya riƙa ɗagawa sannu a hankali har muryar ta dishe, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Wato ke nan ma'anar waƙar sol tana cikin tafiyar da murya take yi daga raɗa zuwa kururuwa. In aka gajarta wannan tafiya, an taɓa ma'anar.

3.0 Misali Daga Memfis

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a waƙar Otis Redding ta 1966, mai suna Try a Little Tenderness. An ɗauke ta ne a sitidiyon Stax da ke birnin Memfis, wanda Jim Stewart da 'yar'uwarsa Estelle Axton suka buɗe cikin wani tsohon gidan silima a 1960. Daɓen ɗakin a gangare yake, kamar yadda aka gina shi don masu kallo, aka kuwa bar shi haka. Makaɗan gidan, baƙaƙe da farare tare a garin da wariyar launin fata ta yi kanta, sukan tsaya a ɗaki guda su yi kiɗa lokaci guda, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa.

Waƙar tsohuwa ce, tun 1932 aka rubuta ta, kuma mawaƙa da dama sun rera ta a matsayin waƙar lallashi. Abin da Redding ya yi mata shi ne gini. Masu busa suka buɗe ta a hankali, kamar ana rakiyar gawa. Murya ta shigo a sanyaye, kusan ita kaɗai. Can sai mai ganga, Al Jackson, ya soma ɗan ƙwanƙwasa bakin ganga kamar bugun agogo, sauran kayan kiɗa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Cikin minti uku da 'yan kai, mutumin da ya soma da lallashi ya koma yana roƙo da iyakar ƙarfinsa, kalmomi suna tsinkewa a bakinsa. Mai sauraro ba zai ji nauyin wannan ƙarshe ba sai don ya ji sanyin farkon. Redding ya rasu a hatsarin jirgin sama a watan Disamba na 1967 yana da shekara 26, amma har gobe ana koyon yadda ake gina waƙa daga wannan faifai.

4.0 Yadda Na'ura Take Ji

Manhajar tacewa takan saurari waƙa, ta auna yawan kowane irin sauti da ke cikinta, daga mai kauri zuwa mai kaifi, ta gwada shi da ma'aunin da ta koya daga ɗimbin waƙoƙin da aka riga aka tace. Inda ta ga rata sai ta cike. Bayan haka ta sa matsi, wato ta danne wuraren da sauti ya yi tsini domin a sami damar ɗaga waƙar duka. A manhajar Ozone, alal misali, ana shawartar mai aiki ya kunna wa mataimakin wurin da waƙa ta fi ƙarfi, daga nan ne zai tsara hukuncinsa.

A nan matsalar take. Ma'aunin da aka ciro daga dubban waƙoƙi matsakaici ne, sol kuwa a gefe biyu yake rayuwa. Na'urar da ta auna minti na ƙarshe na waƙar Redding ta san ƙarfinsa sarai, amma ba ta san dalilinsa ba. In aka matse ƙarshen aka ɗaga farkon, kowane sashe zai fito tas a lasifikar wayar hannu, sai dai hawan ya ɓace. Haka kuma kaushin da ke shiga muryar mawaƙi idan ya ƙure maƙogwaronsa, a wurin awo kaifi ne da ya wuce kima, wanda ya kamata a lausasa. A wurin mai sauraro kuwa shi ne shaidar cewa abin ya kai zuci. Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma wani abin lura. Yawancin waɗannan manhajoji suna da maɓallin da ke ƙara wa waƙa ɗumi irin na tsofaffin na'urori da zaren kaset, don ta yi kama da faifan 1960 da wani abu. Amma a Stax wannan ɗumi ya samu ne saboda murya ta fi ƙarfin abin da ke ɗaukar ta. Wanda ya rera waƙa ba zafi, sa'an nan ya shafa mata wannan launi daga baya, ya ari zane ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

5.0 Adalci ga Na'ura

Duk da haka, bai kamata a ɗora wa na'ura laifin da ba ita ta soma ba. Tun zamanin Motown, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959, ake tace waƙa da ƙarfi don ta yi fice a rediyon mota. Bayan fitowar faifan CD a 1982, musamman daga shekarun 1990, gwanayen tacewa da kansu suka shiga gasar wa zai fi ƙara, har suka matse rai daga waƙoƙi masu yawa, ciki har da tsofaffin faifan da aka sake fitarwa. Daga aikinsu na'ura ta yi karatu. Laifi tudu ne, mai sukar manhaja ya tuna da malamanta.

Bugu da ƙari, amfaninta a bayyane yake. Saurayin da ke ɗaukar waƙa a ɗakin kwanansa, ba shi da kuɗin gwani, ba shi da lasifika mai kyau, yana iya samun kunne na biyu da zai nuna masa cewa kaurin sautinsa ya yi yawa ko muryarsa ta nutse. Stax ɗin ma da rancen da Estelle Axton ta ci a kan gidanta aka soma shi, saboda haka sol bai taɓa ƙin kayan aikin talaka ba. Sa'an nan ita gasar ƙarar ma ribarta ta ragu ƙwarai. Dandalin Spotify, alal misali, yana daidaita ƙarfin waƙoƙi a kan awo guda, 14 ƙasa da sifili a ma'aunin LUFS. Waƙar da aka matse ta wuce nan sai a rage mata murya, ta tsaya kusa da wadda ba a matse ba, ga ta a daskare, ɗayar kuwa tana numfashi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa na'ura ta iya awo, amma hukuncin abin da za a bari yadda yake yana wuyan mai waƙa. Wanda zai tace waƙar sol da ita, ya kamata ya ba ta faifan da ya yarda da shi ta yi koyi, ya sassauta matsin da ta zaɓa, sa'an nan ya daidaita ƙarfin tatacciyar da na asalin kafin ya gwada su, domin kunne yakan ruɗu da ƙara ya ɗauka kyau ne. Bayan haka ya saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Idan ya iso ƙarshen bai ji tsigar jikinsa ta tashi kamar yadda ta tashi ranar da aka rera ta ba, to, ya mayar da maɓallin baya.