Hutun Fikilbol na Farko: Abin da Ya Kamata a Fara Dubawa

Fikilbol wasa ne na raga da mabugi da aka ƙirƙiro a 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washington a Amurka. Joel Pritchard, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilai ta tarayya, shi da abokansa Bill Bell da Barney McCallum suka haɗa shi domin iyalansu su sami abin ɗebe kewa. Filinsa ƙafa 20 ne a faɗi, 44 a tsawo, daidai da na badminton, ƙwallonsa kuwa roba ce mara nauyi mai huji-huji. Galibi mutum biyu-biyu ke karawa, wanda ya riga kai maki 11 da ratar biyu shi ya ci. Ya daɗe a matsayin wasan dattawa masu ritaya, sai bayan annobar korona ya bazu kamar wutar daji, har jihar Washington ta ayyana shi wasanta na hukuma a 2022.

Daga wannan bunƙasa wani sabon yayi ya fito: mutum ya ɗauki hutu takanas, ya biya jirgi da masauki, domin ya je wani gari ya buga fikilbol. Otal-otal na bakin teku sun mai da filayen tanis ɗinsu na fikilbol, tunda fili ɗaya na tanis yana iya ɗaukar huɗu. Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sun shata fili a saman bene. Ƙwararrun 'yan wasa suna shirya sansanin horo na 'yan kwanaki. Yayin yana da kyau, domin ya ba mutane da yawa, musamman waɗanda suka manyanta, dalilin fita da motsa jiki da yin sababbin abokai. Matsalar tana wajen yadda ake tallata shi. Hoton da ake nunawa na teku ne da bishiyoyin kwakwa da fili mai sheƙi wanda babu kowa a kai, alhali fili ba kowa shi ne mafi munin abin da zai sami mai wannan tafiya.

Daɗin fikilbol yana cikin al'adar buɗaɗɗen wasa. A filayen jama'a na Amurka, baƙo yakan iso da safe, ya jingina mabuginsa a ƙarshen layin mabugai da aka jera kusa da shinge, ya zauna a benci. Da wasa ya ƙare, huɗun farko a layi su ɗauki nasu su shiga. Ba a tambayar wane ne wane. Cikin awa biyu mutum ya buga da wata tsohuwa mai shekara saba'in da ke ajiye ƙwallo inda ta ga dama, ya buga da matashin da ya baro tanis, a ƙarshen kowane wasa a zo bakin raga a gwara gindin mabugai a matsayin gaisuwa. Otal mai fili biyu da baƙi shida masu sha'awar wasan ba zai iya samar da wannan ba, komai tsadarsa. Saboda haka tambayar farko ga masauki ita ce ko akwai buɗaɗɗen wasa kullum, ƙarfe nawa, mutum nawa ke zuwa, kuma wa ke tsara shi. Tambaya ta biyu: filin na fikilbol ne na dindindin, ko layi aka manna a kan filin tanis? Ragar fikilbol inci 34 ce a tsakiya, ta tanis 36, kuma tarin layuka masu launi daban-daban yana rikita idon sabon shiga.

Sai batun sanin matsayi, inda mutane suka fi yaudarar kansu. Ana auna 'yan wasa da lambobi: 2.5 ɗan koyo ne da ya san dokoki, 3.0 zuwa 3.5 matsakaici, 4.0 zuwa sama gwani. Akwai kuma manhajar DUPR mai auna mutum da sakamakon wasanninsa, daga 2 zuwa 8. Sansanonin horo suna raba rukuni da waɗannan lambobi. Wanda ya ƙara wa kansa rabin maki don kada a raina shi zai kwashe kwanakinsa ana ragargazarsa, ya kuma ɓata wa mutum uku wasa a kowane zagaye. Gara ya faɗi gaskiya a ɗaga shi sama idan ya cancanta. Bai dace ba kuma a je a koyi dokoki a can. Dokar barin ƙwallo ta taɓa ƙasa sau ɗaya a kowane ɓangare bayan bugun farko, da haramcin bugunta a iska cikin yankin ƙafa 7 na gaban raga da ake kira kicin, da yadda ake kiran maki da lambobi uku, duk a gida ake koyonsu kyauta. Kuɗin koci ya tafi wajen abin da ke da wuyar koyo shi kaɗai, wato sassauƙan bugun da ke sauka cikin kicin da haƙurin jiran kuskuren abokin karawa.

Wuri da lokaci tare suke tafiya. Garin Naples na jihar Florida yana da filaye sama da 50 a dandalin East Naples Community Park, inda ake yin gasar US Open ta fikilbol tun 2016, a watan Afrilu. Lokacin sanyi ne kakar wasa a Florida da Arizona, lokacin da mutanen arewacin Amurka da Kanada ke gangarowa gudun ƙanƙara, masauki ya yi tsada amma filaye su cika. Daga Yuni zuwa Nuwamba kakar mahaukaciyar guguwa ce a Florida da tsibiran Karibiyan, a birnin Phoenix na Arizona kuma zafin bazara yakan wuce digiri 40, shi ya sa farashi ke faɗuwa. Garin St. George na jihar Utah yana karɓar gasar dattawa ta Huntsman kowane Oktoba. Unguwar masu ritaya ta The Villages a Florida ta yi suna da yawan filaye, sai dai na mazauna ne da baƙinsu. Mai nufin Sifaniya ya tabbatar filin da ake tallata masa ba na padel ba ne, wani wasa daban mai bangon gilashi da ya samo asali a Meziko a 1969, wanda shi ya mamaye can. Jirgin ruwa kuwa ya dace da iyalin da kowa ke da abin da yake so, amma iskar teku tana wasa da ƙwallo mara nauyi yadda ta so.

Jiki ma yana da hakki. Wanda ya saba buga sau biyu a mako, idan ya koma awa biyar kullum a kan ƙasa mai tauri, gwiwar hannu da jijiyar agara su za su fara kuka, faɗuwa wajen ja da baya kuma takan karya wuyan hannu. Kwana uku ko huɗu sun isa tafiyar farko, wasa da safe, hutu da rana, da yini guda da ba za a taɓa mabugi ba. Takalmin fili ake sawa, domin na gudu ba ya riƙe ƙafa idan an zabura gefe, kuma kada ya zama sabo fil. A tafi da tabarau na kariya da ƙwallon waje mai huji 40, domin ta cikin ɗaki mai huji 26 ba ta jure iska. Gasa kuma a je mata kallo a wannan karon, a bar shiga sai tafiya ta gaba.