Curin Lakar da ke Ɗaga Ruwa

Kafin ƙarar injin ban-ruwa ta cika fadamun Tudun Wada da Doguwa, jigo ne ke shayar da lambu a bakin rafukan da ke gangarawa Kogin Kano. Gwafa biyu ne a kafe, an gitta musu itace, sai doguwar sanda da aka ɗaure a kai tana sunkuyawa tana ɗagowa. Guga na rataye a dogon ɓangaren, gajeren kuwa an yaɓa masa curin laka, wani lokacin da dutse a ciki.

Gwanintar duk tana wajen curin nan. Mai jigo ba da damtse yake ɗaga ruwa ba. Ƙasa yake jan guga tun yana fanko, ya sakar masa nauyin jikinsa, kuma duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san ja ƙasa ya fi yi wa kwankwaso sauƙi. Da guga ya cika sai ya sassauta hannu, laka ta rinjayi ruwa, guga ya taso kamar da kansa, mai jigo ya tuntsurar da shi a bakin magudana, ruwa ya bi ya tarar da fangalin albasa.

To, laka nawa za a ɗora? Idan ɓangaren guga ya ninka na laka sau 3 a tsawo, sai ita ma ta ninka cikakken guga sau 3 a nauyi. Ruwa lita 10 kilo 10 ne, ke nan curi ya doshi kilo 30, ban da nauyin sandar. Manomi bai nemi sikeli ba, hannunsa ne ma'auni. Ya ja sau biyu ya ji, ya gutsure dunƙule ko ya ƙara. In ta yi yawa kafaɗa za ta gaya masa kafin azahar, in ta gaza gadon baya ne zai sha wuya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ke ankara da cewa iskar hunturu ta shanye danshin lakar, nauyinta ya ragu, sai ya ɗebo ɗanya a bakin rafi ya yaɓa.

Manoman Masar sun yi dubban shekaru suna ɗebo ruwan Nilu da irin wannan dabara. A nan kuwa, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, injuna kuma suka biyo baya, jigo ya yi ta janyewa daga lambu. Yau an fi jin sunansa a bakin 'yan siyasa da malaman adabi: jigon jam'iyya, jigon labari.