Masu Neman Inda Iska Ta Natsu

Ƙyaftawar da tauraro ke yi da dare tana burge mu, amma masanin taurari ba ya ƙaunarta ko kaɗan. Iskar da ke tsakaninmu da tauraron ce ke kaɗawa, mai ɗumi tana cuɗanya da mai sanyi, sai hoto ya fito dishi-dishi. Shi ya sa kafin a zuba sama da Yuro biliyan ɗaya a ginin katafariyar na'urar hangen taurari, sai an nemo gwanayen da suka san inda iska ta fi natsuwa a doron ƙasa.

A gaban kwamfuta suke soma aiki. Su tattaro hotunan gajimare na shekaru da taurarin ɗan'adam suka ɗauka, su ɗora a kan taswirar tsaunuka, su ƙara bayanin laimar iska, da ƙarfin guguwar da ke kaɗawa can wajen kilomita 12 a sama, da ƙura, da fitilun birane. Duk bayanin da aka ɗora sai ya fitar da wani yanki daga takara. Sahara ba ta da hadari, amma wanda ya taɓa ganin rana a Kano cikin hazon hunturu ya san illarta. Ƙurar nan har tsibiran Kanari take kaiwa.

Tsirarun tsaunukan da suka rage ne ake hawa. A kafa 'yar ƙaramar na'ura mai kafa biyu a bakinta, ta yadda tauraro ɗaya zai fito sau biyu. Gwargwadon yadda ɗigon hasken biyu ke kusantar juna suna rabuwa, gwargwadon rawar iskar wurin ke nan. Dare bayan dare ake aunawa, shekara da shekaru. Wannan haƙurin ya fi komai burge ni.

Da haka hukumar binciken taurari ta Turai, ESO, ta zaɓar wa katafariyar na'urarta tsaunin Armazones da ke hamadar Atakama a Chile a watan Afrilun 2010, ta bar tsibirin La Palma na Sifaniya. Tsayinsa mita 3,046, kuma dare wajen 320 a shekara sama garau take. Ruwan tekun Pasifik mai sanyi yana danne gajimare a ƙasa-ƙasa, tsaunukan Andes kuma sun tare laimar da ke tasowa daga gabas.

Chile ƙasar girgizar ƙasa ce, masu zaɓen sun sani sarai. Suka auna, suka ga injiniya zai iya yi wa gini maganin girgiza, amma babu mai iya gyara iska. A 2014 aka fasa ƙolin tsaunin don a yi wa na'urar mai madubi mai faɗin mita 39 mazauni.