Murya da Takarda: Inda Sanyin Waƙar Imfiraji Ya Ke

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san ba a kiɗa a gidan mutuwa. Kalangu da goge da kotso duk sai su tsaya a nesa, abin da a ke ji a ƙofar gida sai addu'a da gaisuwar ta'aziyya. Bayan kwana uku baƙi su fara watsewa, a yi sadakar bakwai, a yi ta arba'in, matar mamaci kuwa ta ci gaba da takaba har wata huɗu da kwana goma su cika. To, a cikin wannan dogon shiru, da wane irin sauti mai baƙin ciki zai rarrashi zuciyarsa ba tare da an zarge shi ba? Amsar da mutane da yawa suka samar wa kansu ita ce muryar da ba ta tare da ganga, watau waƙar da a ke rerawa da baki kawai. A cikin irin waɗannan kuwa da wuya a sami wadda ta shiga gidaje kamar Waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990.

Sunan waƙar kansa alkawari ne. Kalmar ta fito daga Larabci, ma'anarta yayewar ƙunci, tushenta ɗaya da na Munfarija, ƙasidar nan ta Ibn al-Nahwi wanda ya rasu a 1119, wadda almajiran zaure suka daɗe suna karantawa idan al'amari ya tsananta. Mai alkawarin kuma ba baƙo ba ne a wurin rashi, gama ya makance tun yana ƙarami, da ka ya ke shirya baitocinsa, wasu su rubuta.

Amma fa wanda ya ɗauki littafin da aka buga a Zariya, mai ɗauke da waƙoƙi tara, ya zauna ya karanta da ido, zai yi mamaki. In an ɗebe begen Annabi, wanda ya ke da taushi ko a takarda, sauran da yawa wa'azi ne mai zafi: rudin duniya, da ɗaukar rai, da kwanciyar kabari, da tsayuwar hisabi. Waɗannan ba maganganun da likita zai zaɓa wa mai raunin zuciya ba ne. Duk da haka na ga wata gwaggona, a kwanakin takabarta, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da yamma tana sauraron wani makaho yana rera baitocin a zaure, hawaye na zuba, ta kuma aika a ce masa ya ƙara. Ba tsoro na gani a fuskarta ba. Abin da na gani ya fi kama da na wanda aka taya sauke kaya.

Ra'ayina shi ne sanyin Imfiraji a murya ya ke, kuma mu masu nazari mun yi kuskure da muka riƙa auna ta da ma'aunin takarda kaɗai. An gina ta a kan karin Ramal, wanda ƙafarsa ta ke tafiya da gaɓa mai nauyi, da marar nauyi, sa'an nan masu nauyi biyu. Tafiya ce ta natsuwa, ba gudu, ba tuntuɓe. Kowane baiti ɗango biyar ne gajeru, huɗu suna amsa wa juna amo, na biyar ya koma ga babban amon da ya ratsa waƙar. Muryar da a ke rera baitin farko da ita, da ita a ke rera na ɗari. Mai sauraro, tun bai kai ko'ina ba, ya riga ya san inda muryar za ta hau da inda za ta sauka. Ga wanda mutuwa ta zo masa ba sallama, ko wanda ya tsira daga haɗari har ƙarar rufe ƙofa tana firgita shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya sami abu guda wanda ba zai ba shi mamaki ba. Uwa ma da haka ta ke lallashin jariri, ba da ma'anar kalmomi ba.

Sai kuma babban amon nan, watau «ba», kalmar da Bahaushe ya ke rufe korewa da ita. A takarda dabara ce ta mai waƙa, domin harshenmu ya wadata da jimlolin da su ke ƙarewa haka, har wani zai ce Malam ya zaɓi hanya mai sauƙi. A baki kuwa wani abu ne dabam. Leɓɓa su haɗu, su buɗe, numfashi ya fita, mai rerawa ya ja wasalin gwargwadon yadda ya so. Kowane baiti sai ya ƙare da abin da ya yi kama da ajiyar zuciya. Ma'anar ma tana taimakawa, domin mai makoki a cikin korewa ya ke zaune: wane ba ya nan, ba zai dawo ba. Masu ta'aziyya suna kewaya wannan magana saboda kara, su ce a yi haƙuri. Waƙar ita ba ta kewayawa, tana faɗa, tana maimaitawa, amma a cikin murya mai daɗi, har kunne ya saba da abin da zuciya ta ƙi karɓa.

Ba na cewa waƙar ba ta da aibi ta wannan fuska. Akwai wuraren da faɗa ya yi yawa, inda Malam ya juya yana zargin mutanen zamani, mai rauni ba shi da abin ɗauka a nan. Na kuma lura masu rera ta a ƙofofin gidaje ba sa bin jerin littafi, suna tsintar baitocin da suka san za su taɓa mai gida su bar sauran. Wannan ma nazari ne, ko da ya ke ba a rubuta shi ba.

Rabon da mu ke yi a aji, na waƙar baka a gefe guda da rubutacciya a gefe guda, ya sa Imfiraji a kashi na biyu, sai ɗalibi ya ƙirga gaɓoɓinta ya fitar da jigonta ya ci jarrabawa, bai taɓa jin an rera ta ba. Alhali mai ita bai taɓa ganin shafinta ko ɗaya ba, kuma yawancin waɗanda suka haddace ta daga bakin makafi da rediyo da kaset suka ɗauka.