Sunan Littafi da Sunan Kasuwa: Sharhi a kan Jagoran Kifayen Tekun Gini

1.0 Gabatarwa

Harshen Hausa ya wadata da sunayen kifayen kogi da tafki. Akwai tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa da giwan ruwa da minjirya da gaiwa, kuma masunci ba ya rikita ɗaya da ɗaya. Amma teku ta yi wa ƙasar Hausa nisa, domin daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Saboda haka kifin teku yakan iso a daskare cikin kwali, ko a cikin gwangwani, tare da sunan da ya ɗauko a hanya. Wannan takarda za ta duba wani littafi da aka tanada domin rarrabe irin waɗannan kifaye, ta auna amfaninsa da kuma iyakarsa ga ɗalibin harshe da fassara.

2.0 Littafin da tsarinsa

A shekarar 1990 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta wallafa littafin Wolfgang Schneider mai suna Field Guide to the Commercial Marine Resources of the Gulf of Guinea. Fassararsa ta Faransanci ta fito a 1992. Ga kowane kifi an kawo zanensa, da sunansa na kimiyya, da sunan da hukumar ta tsayar masa a Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, sannan girmansa da mazauninsa da kayan kama shi. Manufar ita ce jami'in da ke ƙididdigar kamu a bakin teku ya san abin da yake rubutawa.

3.0 Inda littafin ya yi fice

Ƙarfin wannan tsari shi ne ya dogara ga abin da ido zai gani, hannu ya taɓa. Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne, kuma misalai biyu za su tabbatar da haka.

Na farko shi ne kifaye biyu ƴan gida ɗaya, Sardinella aurita da Sardinella maderensis. A faifan mai talla kamar Hasan da Husaini suke. To amma na farkon jikinsa mulmulalle ne, dogo, na biyun kuwa shafaffe ne mai faɗi, cikinsa da kaifi. In an ƙirga ƙayoyin fiffiken ciki, na farko yana da 9, na biyu 8.

Misali na biyu shi ne kifayen da Faransanci ke kira maquereau da chinchard. Girmansu ya yi kusa, launinsu ma haka, amma ko dangi ba su haɗa ba. Maquereau yana da zane mai lanƙwasa a gadon baya, da ƴan ƙananan fikafikai guda 5 a jere dab da wutsiya, sama da ƙasa, fatarsa kuma sumul. Chinchard kuwa yana da jerin ɓawo mai tauri a gefen jiki har zuwa wutsiya, wanda yatsa zai ji ko da ido bai gani ba. Duk wanda ya riƙe waɗannan alamu ba zai ƙara sayen wani a madadin wani ba.

4.0 Inda ya gaza ga mai nazarin harshe

Matsalar tana ga sunayen. Sunan da hukuma ta tsayar suna ne na takarda, an zaɓe shi domin kowane kifi ya sami guda ɗaya tak. Kasuwa ba ta bin wannan ƙa'ida, kuma saɓanin ya kasu gida uku.

4.1 Suna ɗaya, kifi da yawa

A Yamai ko Bamako ko Njamena, idan aka ce capitaine, giwan ruwa ake nufi, wato Lates niloticus na kogi da tafki. A gaɓar teku kuwa sunan ya hau kan wasu kifaye dabam masu zarurruka a ƙarƙashin fiffiken ƙirji. Hukumar ta raba su da sifa: gros capitaine mai zare 4, capitaine royal mai dogayen zare 5, petit capitaine mai 9 ko 10. Ɗalibin da aka ba rahoton kamun kifi na Duwala ko Dakar, ya ga capitaine ya rubuta "giwan ruwa", ya ɗauke kifin teku ke nan ya jefa shi kogin Kwara. Haka kalmar bar take: a Kamaru kifin jinsin Pseudotolithus ne, a Faransa kuwa Dicentrarchus labrax ne, wanda mutanen gaɓar Bahar Rum kuma suke ce wa loup.

4.2 Kifi ɗaya, sunaye da yawa

Maquereau ɗin nan shi ne ake kira Titus a kasuwannin Nijeriya, sunan da ya yi daidai da na wani sanannen kifin gwangwani da ake yi a Maroko. A Gana kuwa ce masa ake salmon, alhali ba shi da haɗi da kifin da Turawa suka sani da wannan suna. Chinchard shi ne kote a Nijeriya. Sardinella a Turancin Gana herring ne, duk da cewa kifin da ya mallaki sunan tun asali a ruwan sanyi na arewacin Atlantika yake.

4.3 Hikimar ƴan ƙasa

Kuskure ne a ɗauka sunan gargajiya kullum ya gaza na kimiyya tantancewa. Masuntan Senegal suna kiran Sardinella yaboy da Wolof, amma sun raba shi biyu: mulmulallen yaboy mërëg, shafaffen yaboy tas. Rabuwar da masani ya yi da ƙirgar ƙaya, su sun yi ta da ido. A nan za a fahimci cewa yawan sunaye yana bin kusancin al'umma da abu. Wanda ke kamawa yana da suna ga kowane iri, wanda ke saye a nesa kuwa "kifin ƙanƙara" ya ishe shi.

Ko sunan kimiyya ma ba a kafe yake ba. A lokacin da aka wallafa littafin, masana suna haɗa maquereau na gaɓar Afirka ta Yamma da na tekun Fasifik a ƙarƙashin Scomber japonicus. A yau ana kiran na Atlantika Scomber colias. Ke nan tsohon bugu yana buƙatar a gwada shi da sabon bayani.

5.0 Darasi ga mai ƙamus da mai fassara

Rumbun bayanai na FishBase, wanda ya hau intanet a 1996, ya rage wannan giɓi, domin yana kawo kowane suna tare da ƙasa da harshen da ake amfani da shi. Wannan hanya ce ta dace da ƙamusun Hausa. Jera kalma a gaban kalma ba zai wadatar ba. Ya kamata kowane shigi ya ƙunshi abu huɗu: sunan, wurin da ake faɗinsa, alamar da ake gane kifin da ita, da sunan kimiyya. Misali: "kote, a Nijeriya, kifin teku mai jerin ɓawo mai tauri a gefe, jinsin Trachurus, chinchard a ƙasashe masu amfani da Faransanci."

Haka kuma bai kamata a yi gaggawar aron sunan kifin kogi a liƙa wa na teku don sun yi kama ba. Ta wannan hanya ce capitaine ya zama suna mai fuska biyu.

6.0 Kammalawa

Littafin Schneider ya cika aikin da aka yi shi dominsa, wato ya amsa tambayar "wane kifi ne wannan?" Tambayar da ta rage, "me ake ce masa, kuma a ina?", aikin masu nazarin harshe ce. Amsarta tana bakin dillalai da masu suya da matan da ke cefane a Yamai da Maraɗi da Damagaram, da kuma zangunan Hausawa na Ankara da Duwala, inda mai jin Hausa ke sayen kifin teku ɗanye. Ɗalibin da ya shiga kasuwa da zane a hannu, ya rubuta suna da wurin da ya ji shi, ya fara aikin ƙamus na gaskiya.